Tarihin Shirin Head Start na Amurka: Rabon Kuɗin Ilmin Ƙananan Yara Bisa Ga Bukata, 1965 zuwa 2007

1.0 Gabatarwa

Duk gwamnatin da ta zo kan maganar ilmin yaran da ba su isa shiga firamare ba, hanyoyi uku ne a gabanta. Tana iya sakar wa iyaye da masu makarantun kuɗi al'amarin baki ɗaya, kowa tasa ta fisshe shi. Tana iya ware kuɗi ta raba wa sassan ƙasa daidai wa daida, ba tare da duban mai shi da marar shi ba. Tana kuma iya auna inda bukata ta fi tsanani, ta karkata kuɗin zuwa can. Hanya ta uku ta fi sauran daɗin faɗa a baki, ita ce kuma ta fi su wuyar aiwatarwa, domin sau da yawa wanda ya fi kowa bukata shi ne ya fi kowa rashin sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin shirin nan na ƙasar Amurka mai suna Head Start, wanda aka soma a shekarar 1965 domin 'ya'yan talakawa masu shekara 3 zuwa 5. Ma'anar sunan ita ce ratar da akan ba mai tsere tun kafin a tashi, abin da Bahaushe zai iya kira sammako. An zaɓi wannan shiri ne saboda daɗewarsa, da kuma yawan binciken da masana suka yi a kansa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, rubuta kalmar bukata a cikin doka bai isa ya kai kuɗi hannun mabukaci ba. Tarihin shirin ya nuna cewa abubuwa uku ne suka yanke hukunci: yadda aka auna bukatar, da wanda ya tashi ya je neman mabukatan, da kuma hannun da aka danƙa wa kuɗin.

2.0 Yanayin da Ya Haifar da Shirin

A ranar 8 ga watan Janairu 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya gaban Majalisar Dokokin Amurka ya shelanta yaƙi da talauci. A wancan lokaci kimanin kashi 19 cikin 100 na mutanen ƙasar suna cikin talauci, kusan rabinsu kuwa yara ne. A watan Agusta na wannan shekara aka sa hannu a kan dokar da ta kafa ofishin yaƙi da talauci, wanda ake taƙaita sunansa da OEO, aka naɗa Sargent Shriver, mijin ƙanwar marigayi Shugaba Kennedy, ya shugabance shi.

Babban reshen ofishin shi ne na ayyukan gayya, wanda doka ta shardanta cewa dole talakawa su sami ta cewa wajen tafiyar da shi. Wannan sharaɗi ya sa magadan gari da gwamnoni da yawa suka yi ɗari-ɗari da kuɗin, domin suna ganin za a ɗaure wa masu adawa da su gindi ne da dukiyar gwamnati. Sai ga shi shekarar kasafi ta yi nisa, mafi yawan kuɗin yana ajiye ba a taɓa ba. Shriver ya fahimci cewa jama'a za su iya zargin babba da lalaci, amma da wuya a sami mai ɗora wa ɗan shekara huɗu laifin talaucin gidansu. Ya kuma riga ya ga aikin Susan Gray a jihar Tenesi, inda take koyar da 'ya'yan talakawa baƙar fata a lokacin dogon hutu kafin su shiga makaranta.

Saboda haka ya ɗora wa Dokta Robert Cooke, likitan yara a Jami'ar Johns Hopkins, alhakin haɗa kwamitin tsara shirin. Cikin 'yan kwamitin akwai Edward Zigler na Jami'ar Yale, da Urie Bronfenbrenner na Jami'ar Cornell, da Mamie Clark. Yawancinsu likitoci ne da masana halayyar ɗan Adam, shi ya sa rahoton da suka miƙa a watan Fabrairu 1965 bai tsaya ga karatu kaɗai ba. Ya haɗa da duba lafiyar yaro da haƙoransa, da allurar rigakafi, da abinci mai gina jiki, da taimakon iyali, da kuma jawo iyaye cikin aikin. Wasu masana sun ba da shawarar a fara gwaji da yara 'yan dubbai. Shriver da Johnson suka ƙi, domin sun san ƙaramin gwaji ba shi da masu kare shi ranar da iskar siyasa ta juya. An yi shirin yara 100,000, amma da aka buɗe azuzuwan na mako takwas a dogon hutun 1965, yara kimanin 560,000 aka ɗauka, a kan kasafin dala miliyan 96.

3.0 Wane Ne Mabukaci?

3.1 Ma'aunin Kuɗi

Kafin a raba kuɗi bisa ga bukata, tilas a sami mudun aunawa. Mudun da aka yi amfani da shi aikin wata ma'aikaciyar gwamnati ce mai suna Mollie Orshansky. Ta ɗauki kuɗin abinci mafi arha da zai iya riƙe iyali, ta ninka shi sau uku, saboda binciken 1955 ya nuna cewa iyalan Amurka suna kashe sulusin abin da suke samu ne a kan abinci. Abin da ya fito ga iyali mai mutum huɗu ya ɗara dala 3,000 kaɗan a shekara. Ofishin OEO ya karɓi wannan ma'auni a 1965, aka kuma shardanta cewa aƙalla yara 90 cikin kowane 100 na shirin su fito daga gidajen da ke ƙasa da wannan layi. Ragowar 10 an bar su ga waɗanda suka ɗara, saboda 'yan kwamitin Cooke suna son yaran su cuɗanya.

Amfanin wannan ma'auni shi ne sauƙinsa, domin kowane ma'aikaci zai iya dubawa ya gane. Illarsa kuwa ita ce kaifinsa. Iyalin da ya wuce layin da 'yan daloli kaɗan ya fita, ko da kuwa halinsa bai bambanta da na maƙwabcinsa ba. Haka nan, ma'aunin bai kula da bambancin tsadar rayuwa tsakanin babban birni da ƙauye ba, in ban da ragin da aka yi wa manoma a farko. Ƙari a kan haka, tara 'ya'yan talakawa su kaɗai a aji guda ya zama wata irin wariya da ba a yi niyya ba, abin da Zigler ya daɗe yana kokawa a kai.

An kuma gindaya wa masu neman tallafin sharaɗin kawo nasu kaso, kashi 10 cikin 100 da farko, daga baya aka mayar da shi 20. Hikimar da aka yi a nan ita ce, ba a ce lalle sai tsabar kuɗi ba. Ɗakin coci da aka ba da aro, da lokacin da uwa ta ɓata tana dafa wa yara abinci, da aikin likitan da ya duba su kyauta, duk ana ƙiyasta su a lissafa cikin kason. Da a ce kuɗi hannu aka nema, da wuraren da aka yi shirin dominsu su ne za su fara faɗuwa.

3.2 Bukata da Harshe

Akwai wani ma'auni na biyu da ba a rubuta cikin doka ba, amma ya yi tasiri a azuzuwa, kuma ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Masana da dama na wancan zamani sun ɗauka cewa abin da ɗan talaka ya rasa shi ne harshe. A littafin da Carl Bereiter da Siegfried Engelmann suka wallafa a 1966, sun nuna cewa maganar yaran baƙar fata da suka nazarta ba ta da tsarin da zai ɗauki tunani, don haka ya kamata malami ya soma da su tamkar ba su zo da wani harshe ba.

A 1969 masanin harshe William Labov, wanda ya yi aiki a unguwar Harlem ta birnin New York, ya rushe wannan ra'ayi da hujja. Ya nuna yadda wani yaro ɗan shekara takwas yake amsa tambayar babba da kalma ɗaiɗai idan an zaunar da shi kamar mai ɗaukar jarrabawa. Da mai tambayar ya sauko ya zauna a ƙasa, ya kawo soyayyen dankali, ya kuma gayyato abokin yaron, sai yaron ya ɓalle da zance har yana katse abokinsa. Labov ya bayyana cewa Ingilishin baƙar fatar Amurka kari ne mai ƙa'idojin nahawu cikakku kamar kowane kari. Ke nan abin da jarrabawar take aunawa shi ne tsoron yaron da baƙuncin wurin. Sannu a hankali shirin ya gyara matsayinsa. A ƙarshen shekarun 1970 an samar da manhajojin harshe biyu domin yara masu jin Sifaniyanci, ƙa'idojin shirin na 2016 kuwa sun wajabta a tallafa wa harshen gida na yaro tare da koya masa Ingilishi.

4.0 Gundumomi 300 Mafiya Talauci

Tsarin rabon kuɗin a 1965 ya kasance kamar haka: duk wata hukumar makarantu ko ƙungiya da ke son buɗe aji sai ta rubuta takardar nema zuwa Washinton, kuɗin kuma ya zo mata kai tsaye ba tare da ya bi ta baitulmalin jiha ba. Julius Richmond, likitan da ya zama daraktan shirin na farko, da mataimakinsa Jule Sugarman, sun hango matsalar da ke tafe. Biranen da ke da jami'o'i da lauyoyi da ƙwararrun akantoci za su cike takardun cikin 'yan kwanaki, alhali gundumomin karkara na kudancin ƙasar, inda talaucin ya fi katutu, babu ma mai labarin shirin, balle wanda zai tsara kasafinsa.

Maganin da suka yi shi ne, suka ɗauki ƙidayar jama'a ta 1960 suka fitar da gundumomi 300 da suka fi kowa talauci, wato waɗanda kimanin kashi 59 cikin 100 na mutanensu ko fiye suke ƙasa da layin. Sannan suka tura matasan ma'aikatan gwamnatin tarayya zuwa waɗannan gundumomi, aikinsu shi ne su nemo wanda zai iya riƙe aji, su zauna da shi su rubuta takardar tare, su komo da ita Washinton su tsaya mata har a amince. Sakamakon haka gundumomi 240 daga cikin 300 ɗin suka sami tallafi, wato kashi 80 cikin 100, alhali a faɗin ƙasar kashi 43 ne kawai na gundumomi suka samu.

Bayan shekaru arba'in, wannan mataki ya ba masana damar yin wani bincike mai ma'ana. A 2007 Jens Ludwig da Douglas Miller suka kwatanta gundumomin da suka shiga jerin da ƙyar da waɗanda suka kuskure shiga da kaɗan. Ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke a talauci, bambancinsu kawai shi ne an je wa ɗaya, ba a je wa ɗayan ba. Sun gano cewa kuɗin shirin da ya shiga gundumomin da aka je wa ya ɗara na sauran da rabi zuwa ninki, kuma wannan rata ta ɗore har ƙarshen shekarun 1970. Sun kuma gano cewa mutuwar yara 'yan shekara 5 zuwa 9 daga cututtukan da shirin ke dubawa, irin su ƙarancin jini da sanƙarau da cututtukan numfashi, ta ragu da sulusi zuwa rabi a waɗannan gundumomi. Dokar da ke aiki a ɓangarorin biyu guda ce, ma'aunin talaucin ma guda ne. Tafiyar 'yan makonni da wasu ma'aikata suka yi a 1965 ita ce ta raba su.

5.0 Rikicin Misisifi

Idan labarin gundumomi 300 ya nuna muhimmancin zuwa neman mabukaci, to abin da ya faru a jihar Misisifi ya nuna muhimmancin hannun da ke riƙe da kuɗin. Wannan jiha ita ce mafi talauci a ƙasar. Ta soke dokar tilasta zuwa makaranta tun 1956 domin gudun haɗa baƙi da farare a aji guda, ba ta kuma amince da azuzuwan share fage a makarantun gwamnati ba sai da dokar gyaran ilmi ta 1982. Shugabanninta farar fata ba su da sha'awar kuɗin da zai zo da sharaɗin hana wariya.

A cikin wannan hali ne wasu 'yan gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, tare da Tom Levin da Polly Greenberg da limamin coci Arthur Thomas, suka kafa ƙungiyar raya yaran Misisifi, wadda aka fi sani da CDGM. Doka ta ba gwamnan jiha ikon hana duk wani tallafin OEO shiga jiharsa, amma ta keɓe tallafin da aka ba manyan makarantu. Sai aka bi da kuɗin ta wata ƙaramar kwalejin baƙar fata mai suna Mary Holmes, Gwamna Paul Johnson ya rasa ta cewa. Da kimanin dala miliyan ɗaya da rabi, ƙungiyar ta buɗe cibiyoyi 84 ta ɗauki yara kusan 6,000 a hutun 1965.

Abin da ya bambanta CDGM shi ne, kwamitocin iyaye su ke ɗaukar ma'aikata, su ke kuma sallamarsu, bisa fahimtar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mafi yawan ma'aikatan mata ne baƙar fata, masu aikin gonar auduga da masu aikatau a gidajen farare, wasunsu ma an kore su daga aiki saboda sun yi rajistar zaɓe. A karon farko suka sami albashin da bai fito daga aljihun mai gona ba, wanda kuwa ba ya cin abincin mai gona ba ya tsoron barazanarsa. Wannan ne ya tayar da hankalin Sanata John Stennis, wanda ke da ƙarfi a kwamitin kasafin kuɗi na majalisar dattawa. Ya zargi ƙungiyar da almubazzaranci da kuma karkatar da kuɗin yara zuwa siyasa. Masu binciken kuɗi sun sami sakaci wajen ajiye rasit da lissafi, abin da ba zai ba da mamaki ba ga mutanen da ba su taɓa riƙe asusun gwamnati ba, amma abin da aka tabbatar ya salwanta kaɗan ne a kan jimlar tallafin.

Duk da haka kuɗin ya tsaya bayan hutun farko. Iyaye suka ci gaba da tafiyar da cibiyoyi da yawa da aljihunsu tsawon watannin sanyi, har a watan Fabrairu 1966 suka ɗebi yara a mota zuwa majalisa a Washinton domin 'yan majalisa su gan su ido da ido. An sabunta tallafin a wannan wata, amma a Oktoba Shriver, wanda ke bukatar ƙuri'ar Stennis domin kasafin ofishinsa duka, ya janye shi ya miƙa wa wata sabuwar ƙungiya ta masu sassaucin ra'ayi baƙi da farare, mai suna MAP. Sai da coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago da Martin Luther King suka yi ca a kansa kafin ya mayar wa CDGM wani kaso a Disamba. Ƙungiyar ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba. Lauyarta, Marian Wright, ita ce ta kafa asusun kare haƙƙin yara a 1973, wanda ya zama babban mai kare shirin Head Start a majalisa.

6.0 Rahoton Westinghouse da Daskarewar Rabo

Tun farko 'yan siyasa sun tallata shirin da alkawarin da ya fi ƙarfinsa, wato cewa mako takwas zai ɗaga basirar yaro har ya fitar da shi daga talauci. A 1969 kamfanin Westinghouse tare da Jami'ar Ohayo suka fitar da rahoton bincike na farko a faɗin ƙasa. Rahoton ya ce azuzuwan hutu ba su bar wani tasiri mai ɗorewa ba, na cikakkiyar shekara kuwa tasirinsu kaɗan ne, kuma yana dusashewa a ajin farko zuwa na uku na firamare. Masana sun soki hanyar binciken, musamman yadda aka zaɓo yaran da aka yi kwatanci da su bayan an gama shirin, da yadda aka yi watsi da fannin lafiya da abinci. Amma rahoton ya zo daidai da hawan Shugaba Richard Nixon, wanda ba ya ƙaunar ofishin OEO.

Nixon ya ɗauke shirin daga OEO ya mayar da shi ma'aikatar lafiya da ilmi da jin daɗin jama'a, inda Zigler ya zama shugaban sabon ofishin raya yara a 1970. A zamaninsa da na magadansa aka yi gyare-gyaren da suka tsirar da shirin. A 1970 aka ba majalisun iyaye ikon amincewa da kasafi da ɗaukar ma'aikata a rubuce. A 1972 doka ta ware aƙalla gurbi 10 cikin 100 domin yara naƙasassu, wanda hakan ya faɗaɗa ma'anar bukata ta wuce ta aljihu. A 1975 aka fitar da ƙa'idojin inganci da kowace cibiya za ta bi. An kuma riƙa mayar da azuzuwan hutu zuwa na cikakkiyar shekara, wanda ya fi tsada ƙwarai. Da yake kasafin bai ƙaru daidai da haka ba, sai yawan yaran ya sauko daga 733,000 a 1966 zuwa kimanin 350,000 a tsakiyar shekarun 1970.

A watan Disamba 1971 kuma Nixon ya ƙi sa hannu a kan dokar da Sanata Walter Mondale da ɗan majalisa John Brademas suka jagoranta, wadda ta tanadi cibiyoyin kula da yara ga kowa, talaka kyauta, mai hali kuma ya biya gwargwadon samunsa. Hujjarsa ita ce dokar za ta raunana iyali ta miƙa tarbiyya ga hukuma. Da wannan mataki aka rufe ƙofar shiri na bai-ɗaya, Head Start ya tabbata a matsayin shirin talakawa zalla.

Wata matsala da ba a cika ambata ba ita ce ta rabo tsakanin jihohi. Kuɗin shekarun farko ya tafi ne inda aka rubuta takarda, don haka wasu jihohi suka sami fiye da kason talakawansu, wasu kuma ƙasa da shi. Daga 1974 majalisa ta shigo da ƙa'idar rabo bisa yawan yara matalauta da masu karɓar tallafin gwamnati a kowace jiha. Sai dai babu ɗan majalisar da zai yarda a rage wa jiharsa, saboda haka aka haɗa da sharaɗin cewa ba za a ba wata jiha ƙasa da abin da ta saba samu ba. Ma'anar wannan ita ce, ƙarin kuɗi ne kawai ke bin sabuwar ƙidaya, tushen kasafin kuwa yana nan inda tarihi ya ajiye shi, ko da talakawa sun yi ƙaura zuwa wasu jihohi da unguwannin bayan gari.

7.0 Daga 1981 zuwa 2007

Abin da ya dawo wa shirin da martabarsa bincike ne da aka yi a kan wani shiri dabam. Daga 1962 zuwa 1967 David Weikart ya gudanar da gwaji a makarantar Perry da ke garin Ypsilanti a jihar Mishigan, da yara 123 baƙar fata 'ya'yan talakawa, 58 daga cikinsu suka shiga ajin share fage, sauran ba su shiga ba. Ratar basira da aka gani da farko ta ɓace, kamar yadda rahoton Westinghouse ya faɗa. Amma da aka ci gaba da bin su har suka girma, sai aka ga waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun aiki, sun kuma fi ƙarancin shiga hannun 'yan sanda. Ya kamata a lura cewa abin da aka kashe wa kowane yaro a Perry ya fi na Head Start nesa ba kusa ba, malamansa kuma ƙwararru ne. Duk da haka masu kare shirin sun riƙe wannan sakamako gam.

Da Shugaba Ronald Reagan ya zo da zaftare kasafin jin daɗin jama'a a 1981, Head Start na cikin 'yan shirye-shiryen da aka tsame. Kasafinsa ya kai dala biliyan 1 a 1984, ya haura biliyan 5 a 2000, ya kusa biliyan 12 a 2023. Dokar 1990 ta ƙuduri ɗaukar duk yaron da ya cancanta kafin ƙarshen 1994, amma majalisa ba ta saki kuɗin da zai cika wannan buri ba. A 1994 aka ƙara reshen mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 3. Dokar 2007 ta shigar da yaran da ba su da matsuguni kai tsaye, ta ba da damar ɗaukar wani kaso daga iyalan da suka ɗara layin talauci da abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, ta kuma tanadi cewa cibiyar da ta gaza za ta sake takarar tallafinta da wasu. A duk tsawon wannan lokaci shirin bai taɓa zama haƙƙin kowane yaro matalauci ba. Gurabe gwargwadon kasafi ne, idan sun cika sai jerin masu jira.

Muhawara a kan amfaninsa ma ba ta mutu ba. Babban binciken da majalisa ta umarta a 1998, wanda ya bi yara kusan 5,000 da aka raba ta hanyar ƙuri'a, ya nuna a rahotanninsa na 2010 da 2012 cewa ribar karatu tana bayyana a shekarar shirin, sannan ta dusashe a firamare. Wani abin lura shi ne, da yawa daga yaran da ba su ci ƙuri'ar ba sun shiga wasu makarantun share fagen, wanda hakan ya rage ratar. A ɗaya ɓangaren, binciken David Deming na 2009, wanda ya kwatanta 'yan uwa na gida ɗaya, da na Martha Bailey da abokan aikinta na 2021, sun nuna cewa waɗanda suka sami shirin sun fi yin nisa a karatu da dogaro da kai bayan sun girma.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa nasarorin shirin Head Start da gazawarsa sun rataya ne a kan yadda aka fassara bukata a aikace. Inda aka auna ta da layi guda mai kaifi, an bar maƙwabtan layin a waje. Inda aka fassara ta da rashin harshe, an raina abin da yaro ya zo da shi daga gida. Inda aka tashi aka je neman mabukata, aka kuma karɓi guminsu a madadin kuɗi, an ceci rayuka. Inda aka danƙa kuɗin ga iyaye, kamar a Misisifi, masu mulki sun gane cewa iko ne aka raba, suka kuma yaƙe shi a kan haka.

Wannan tarihi yana da abin faɗa wa masu tsara ilmi a Nijeriya. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi. Sai dai babban kason wannan tallafi ana raba shi ne daidai wa daida tsakanin jihohi, kuma jiha ba ta iya ɗaukar nata sai ta ajiye kwatankwacinsa a tsabar kuɗi. An sha ganin biliyoyin naira suna kwance a asusun hukumar UBEC shekara da shekaru ba a ɗauka ba, alhali yaran da aka ware su dominsu suna nan a karkara da unguwannin talakawa. Irin matsalar ce Richmond da Sugarman suka hango a 1965, suka kuwa magance ta da ƙidaya a hannu da ma'aikata a kan hanya. Ya rage ga masu nazarin ilmi da na harsunanmu su bincika ko wane ma'auni ne zai dace da ƙananan hukumominmu, da kuma harshen da za a tarbi yaron da shi ranar da ya fara shiga aji.